Kamba: Dalilin da Ya Sa Taya Ba Ta Tsayawa Cak

Duk wanda ya tsuguna a gaban mota ya ƙura wa tayoyinta ido zai ga yawanci ba a miƙe suke sak ba, samansu ya ɗan kwanta zuwa ciki. Wannan kwanciya ita masu alaimen ke kira kamba, kuma da digiri ake auna ta. A ƙananan motocin zamani takan kama daga rabin digiri zuwa ɗaya da rabi.

Wasu direbobi da sun hango haka sai hankalinsu ya tashi, su ce lallai a miƙar musu da ita. Sam ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi ta! Idan mota ta sha kwana, nauyinta kan koma kan tayoyin waje, jikinta ya jingina. Tayar da ke tsaye cak a nan take hawa gefenta, riƙonta ya ragu. Wadda aka karkatar tun farko kuwa a lokacin ne take zama daram a kan kwalta da duk faɗinta.

Shi ya sa masu tseren mota ke kwaɗayinta, har wani lokaci su zarce. A watan Agustan 2011, a filin tsere na Spa a ƙasar Beljiyam, kamfanin taya na Pirelli ya ba da shawarar kada karkatar tayoyin gaba ta wuce digiri 4. Ƙungiyar Red Bull ta ɗan ƙetare iyakar don neman riƙo a kwana. Tun a zagayen neman gurbi gefen ciki na tayoyin ya yi zafi har robar ta fara yin bororo, ga shi doka ta ce da su za a fara tseren. Suka nemi a ba su sababbi, aka hana. Direbansu Sebastian Vettel ya tashi da su a haka, a zagaye na 5 ya shiga aka canza, kuma shi ya zo na ɗaya. Ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ya hana injiniyoyi sukuni ranar nan.

Sai kuma kuskuren da ya fi ci wa mutum rai. Taya ta cinye ta ciki, an je gareji, yaro ya shiga ƙarƙashi da sifana ya murɗa tayarod, an karɓi kuɗi, an ce an gyara kamba. Ina! Tayarod bakin taya yake juyawa dama ko hagu, ba ya kwantar da ita, ba ya tayar da ita. Tafin hannu ma ya isa alƙali: a shafa tayar daga gefe zuwa gefe. In an ji ƙaiƙayi kamar haƙoran zarto, bakin tayoyin ne ba su saitu ba, kuma wannan ya fi saurin cin roba nesa ba kusa ba. In gefe ɗaya ne ya sulɓe sumul, to a tuhumi kamba. Haka in mota na ja gefe guda: bambancin da ya wuce rabin digiri tsakanin dama da hagu ya isa, kuma wajen tayar da ta fi miƙewa take ja. Amma a yi wa titi adalci, shi ma an gina shi da ɗan gangare don ruwa ya wuce, kuma gangaren kan ja mota gefe.

Gyaran kansa ba shi da tsawo. A daidaita iska, a sauke kaya, a tsaya a daɓe marar gangare, a auna. Wasu motoci suna da bolti mai doro da ake juyawa, wasu ƙananan farantai ake cusawa. Da yawa masu ƙafa irin ta MacPherson ba su da wurin saiti ko kaɗan. A irin waɗannan, in awon kamba ya kauce, wani abu ne ya lanƙwashe a rami, ko bushin ya mutu, ko sifirin ya zauna saboda lodi, kuma sai an canza shi kafin a koma kan na'urar alaimen.