Ɗakin Saurayi Ba Ƙofa: Bayani A Kan Ƙwai

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan kacici-kacici da ake yi da dare bayan an ci tuwo. A ce, "Ɗakin saurayi ba ƙofa." Yara su yi ta rige-rigen amsawa, "Ƙwai!" Amsar kam kowane yaro ya iya ta. Amma in ka tambayi yaran nan yaushe rabonsu da cin ƙwan, sai ka ga da yawa sun sunkuyar da kai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani abu da ya faru a wata damina da na raka ɗaliban ajinmu ziyara Daura, don su ga rijiyar Kusugu da idonsu. Mun shiga ginin da aka kewaye rijiyar da shi, an ba mu labarin Bayajida da macijin da ke hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, an jawo guga kowa ya kurɓa. Da muka fito, yunwa ta fara taɓa mu, sai ga wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba, ɗauke da tire cike da dafaffen ƙwan zabi, da ɗan ƙullin yaji a gefe. Muka saye kusan duka. Na ɓare ɗaya na miƙa mata, sai ta ja da baya ta ce, "A'a Malam, ai na sayarwa ne. Inna ta ce yaron da ya saba da ƙwai sata zai yi." Gashin kanta ya yi ja-ja, hannuwanta sirara. Ga maganin abin da ke damunta a bisa kanta tana yawo da shi rariya-rariya, amma an hana ta taɓawa.

Wannan camfi tsoho ne, kuma ba a ƙasar Daura kaɗai yake ba. Akwai ma ɗan'uwansa da ke hana mace mai ciki cin ƙwai. A ganina, iyayenmu na da ba mugunta ce ta sa suka kafa shi ba, lissafi ne. Kazar gida ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara ba. In an bar yara suna shiga akurki suna ɗiba, ina za a sami 'yan tsaki? Kaza kuwa ita ce asusun matar ƙauye: da ita ake sayen magani, da ita ake karɓar baƙo. Sai aka tsorata yara da maganar sata don a tsare asusun. Dalilin ya yi ma'ana a lokacinsa. Sai dai yanzu akwai kajin gidan gona, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar, waɗanda guda ɗaya takan yi ƙwai fiye da 250 a shekara. Ƙwai ya yawaita, camfin bai tafi ba.

To, mene ne a cikin wannan ɗaki marar ƙofa? Ku tuna, 'yan makaranta, cewa a cikinsa ne ɗan tsako ke haɗuwa tun daga ɗigon jini har ya yi ƙashi da baki da gashi, cikin kwana 21, ba tare da an ba shi ko ƙwayar gero daga waje ba. Ke nan duk abin da ake bukata don gina jiki yana ciki. Babban ƙwan kaza ɗaya yana da kimanin giram 6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, kuma irin wanda jikin mutum ke amfana da shi kusan duka. Gwaiduwa na ɗauke da bitamin A mai taimakon ido, da bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, da B12 na jini. Abin da ba shi da shi shi ne bitamin C, don haka yana son rakiyar tumatir ko lemo ko gwaba. Tuwonmu da kununmu suna cika ciki, suna ba da ƙarfin aiki, amma yaro mai girma yana bukatar abin da ya fi haka. Likitoci sun yarda a fara ba jariri dafaffen ƙwai da aka marmasa daga wata shida, tare da nonon uwa.

Manya kuma nasu tsoron daban ne. An daɗe ana cewa kitsen gwaiduwa yana toshe hanyoyin jini. Bincike ya ci gaba, har a shekarar 2015 hukumomin Amurka suka cire iyakar da suka daɗe da sa wa mutane a kan wannan kitse a jagoransu na abinci. Ga mai lafiya, ƙwai ɗaya a rana ba abin tsoro ba ne. Mai ciwon sukari ko ciwon zuciya, shi ya bi shawarar likitansa.

Mu nan arewa Allah ya ba mu wata gata, wato zabuwa. Kaza tana ƙwai kowane lokaci, amma zabuwa sai ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, ƙwari sun yawaita. Daga nan har zuwa kaka, kasuwannin Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu sukan cika da ƙwan zabi, a ƙwarya, a kwando, ana auna ciniki. Ƙwan zabuwa ya fi na kaza ƙanƙanta, yana da tsini, ɓawonsa kuwa tauri gare shi kamar tsakuwa. Wannan tauri ne ya sa yake jure tafiya a bayan babur ko a amalanke, ya kuma daɗe bai lalace ba. Gwaiduwarsa ja ce sosai saboda ganye da fara da zabuwa ke tsinta a daji. Ni dai in aka ajiye mini biyun, hannuna na zabi zai fara kaiwa, ko da za a ce son kai ne na ɗan ƙauye.

Amma fa mai sayen ƙwan zabi sai ya buɗe ido, don a daji ake tsinto shi, ba wanda ya san ranar da aka saka shi. Hanyar gwaji kowa ya gan ta a kasuwa: a zuba ruwa a kwano a jefa ƙwan. Wanda ya nutse ya kwanta, sabo ne. Wanda ya nutse amma ya miƙe tsaye, ya kwana biyu, a dafa shi yau. Wanda ya taso sama, a bar wa mai shi kayansa, ƙila bara-gurbi ne. Wannan ba tsafi ba ne, darasin kimiyya ne na aji ɗaya. Ɗakin saurayi ba shi da ƙofa, amma yana da dubban ƙananan tagogi da ido ba ya gani. Ta nan ruwan cikinsa ke fita a hankali, iska ta shiga ta taru a ɓangaren da ya fi faɗi. Yawan kwanakinsa, yawan iskar, har ta kai ta ɗaga shi. Saboda tagogin nan ne ma ba a wanke ƙwan da za a ajiye, gama wanki yana cire wani siririn rufi da ke tare su, ƙazanta ta sami hanyar shiga. A goge da busasshen tsumma, a jera shi tsininsa na kallon ƙasa, a ajiye a inuwa kusa da randa.

Yanzu bari mu fita waje. A garuruwanmu, babban ɗakin cin abincin talaka shi ne teburin mai shayi. Da asuba ko bayan faɗuwar rana za ka tarar da benci ya cika: direba, ɗan acaba, tela, malamin makaranta da albashi bai riga ya ƙare masa ba. Ka tsaya ka kalli gwanin mai shayi yana aiki. Da hannu ɗaya zai fasa ƙwai biyu a kofi, ya yanka albasa da attaruhu a tafin hannunsa, ya kaɗa da cokali mai yatsu, ya juye a kasko ya yi "cuu", ya ɗora burodi a kai ya danne. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai, an miƙo maka. Indomie da ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta zo ta sami gurbi a wannan tebur, har yaran yanzu suna tsammani tare aka halicce su da ƙwai. Shawarata ga mai zuwa wurin: ka sa a fasa ƙwan a gabanka, ka dubi man, in ya yi baƙi don yawan maimaici ka ce a sake, kuma a soya har ruwa-ruwan ya ƙare. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a farkon 2006, ma'aikatan lafiya suke nanata a dafa kaza da ƙwai sosai. Masu kaɗa ɗanyen ƙwai a madara wai don ƙarin jini, su ma su sani asara biyu suke yi. Jiki ba ya cin moriyar furotin ɗin ɗanye sai kusan rabi, ga kuma haɗarin ciwon ciki.

Na san wani zai ce, "Malam, ka manta da tsada." Ban manta ba. Abincin kajin gona masara ce da waken suya, duk ranar da suka tashi kiret ma sai ya tashi, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ji a jikinsa. Amma uwa mai dabara ba ta jiran ranar da za ta ba kowa nasa. Ƙwai biyu, in aka soya su da tumatir da albasa da zogale, sun ishi yara biyar cin doya ko dankali. Ana yanka dafaffe a kan ɗanwake, ana sa shi a cikin alale, ana kaɗa shi a kwaɓin ƙosai. Hausawa dai sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wajen dafawa, minti goma bayan ruwa ya tafasa ya isa, sai a tsoma a ruwan sanyi. Koren zoben da kuke gani kewaye da gwaiduwa a ɗakin cin abincin makaranta ba ruɓa ba ne, alama ce kawai ta ya daɗe a wuta.

Wanda ke son ya ji daɗin ƙwai na gaskiya, ya dafa 'yan kaɗan ya sa a aljihu da ƙullin yaji, ya fita bayan gari da yamma a watan Agusta, ya zauna gindin gawo ko tsamiya yana kallon gero na kaɗawa. In ya yi shiru zai ga zabuwa ta saci jiki ta shige cikin sabara. Can gurbinta yake, sau da yawa ma su uku ko huɗu ke zuba a rami ɗaya. Zabuwa ba ta iya raino ba, takan ja 'ya'yanta cikin raɓa su mutu, shi ya sa mata ke kwashe ƙwan su sa wa kaza ta yi kwanci. Kazar sai ta yi haƙurin kwana 26 zuwa 28, mako guda fiye da nata, ta ƙyanƙyashe 'ya'yan da ba su yi kama da ita ba, ta kuma yi faɗa da shirwa a kansu.

Roƙona ga samarinmu masu danƙo shi ne su bambanta ƙwan gida da na tsuntsun daji. Na fakara da na kurciya ba su kai loma ba, kuma kowane gurbi da aka kwashe, an rage masu cinye mana fara da tsutsa a gona. A nan kam akwai hanin iyaye da nake goyon baya ɗari bisa ɗari, wato na shamuwa. Daga kudancin Afirka take tasowa ta iso mana gab da saukar ruwa, ta yi sheƙa a kan itacen tsakiyar gari, a sarari, inda kowane yaro zai iya hawa. Na shekara fiye da arba'in a duniya, ban taɓa ganin wanda ya hau ya taɓa mata ƙwai ba.