Ina Za Mu Haƙa Ramin Taki?

Taki abincin gona ne. Mukan tara kara, da ganye, da toka, da kashin dabbobi a rami. Mu yayyafa ruwa, mu riƙa juyawa har su ruɓe.

Amma ba ko'ina ake haƙa ramin ba. A dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe fili a karkara, don noma, ko zama, ko kiwo. Mu mutanen Birchi, tamu tana Kurfi.

Yin taki aikin noma ne, wurinsa gona. Burtali hanyar shanu ce, tare shi yakan jawo rigima. Kusa da rijiya kuwa, ruwa zai ɓaci, yara su yi zawo. In muna shakka, mu tambayi mai unguwa.