Ƙasar Da Ba Ta Cinye Irinta Ba

'Yan'uwa manoma, kowanenmu ya san dokar rumbu. Kome tsananin yunwar bazara, maigida mai hankali ba ya taɓa damin da ya ware don iri. To, haka yake ga ƙasa. Irin da ƙasa take ajiyewa shi ne kuɗin da take kashewa a kan makarantu da binciken masana. Bari mu duba labarin ƙasar Birazil, a Amurka ta Kudu, mu ga abin da za mu koya.

A tsakiyar Birazil akwai wani makeken daji da suke kira Serado. Ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi, da damina da rani, kamar dai dajin da ke tsakanin Zariya da Kafancan. Amma ƙasar wurin tana da tsami, ba ta da ƙarfi. Shekara da shekaru ana cewa ba ta da amfani sai kiwon shanu.

A 1973 gwamnatinsu ta kafa hukumar binciken aikin gona mai suna Embrapa. Kafin ta nemi riba, sai ta fara da mutane. Ta aika da ɗaruruwan matasa manyan makarantu, na gida da na waje, suka koyo ilmin ƙasa da na tsiro, suka komo aka ba su aiki. Masana suka nuna cewa idan aka zuba garin farar ƙasa, tsamin yakan kwanta, sa'an nan takin sufa ya yi aiki. Suka kuma fito da irin waken suya mai jure ƙasa mai zafi. Wata masaniya, Johanna Döbereiner, ta yi shekaru tana nazarin ƙananan halittun da ke zaune a saiwar tsiro, masu jawo masa abinci daga iska. Saboda irin wannan aiki, manomin waken suya a can ba ya bukatar takin yuriya sosai. Kafin 2020 ta wuce, Birazil ta sha gaban Amurka wajen noman waken suya.

Amma fa kada mu ɓoye sauran labarin. Manyan masu gonaki da injuna su suka fi cin moriya. Ƙananan manoma da yawa an bar su a baya, an kuma share wajen rabin dajin nan. Ashe ilmi kaɗai bai isa ba, sai an tambaya wa zai amfana.

Mu ma ba da hannu wofi muke ba. Tun 1922 aka fara binciken aikin gona a Samaru, a 1962 kuma wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga can ne masarar SAMMAZ da gyaɗar SAMNUT suka fito. A 1967 aka kafa IITA a Ibadan. A 1980 shugabannin Afirka suka taru a Ikko, suka sa wa kansu burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasashensu a kan kimiyya. Yawancinsu ba su cika ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗakin bincike marar wuta, da malamin gona marar babur, ba za su kai sabon iri ƙauye ba.

Me ƙungiyarmu za ta yi? Na ɗaya, mu ware ƙaramin fili kusa da majami'a, mu shuka sabon iri gefe da namu na gargajiya, sakatare ya rubuta ranar shuka da buhunan da aka samu. Na biyu, mu gayyaci malamin gona taronmu, mu faɗa masa damuwarmu, kamar ƙuduji da tsutsar masara, domin ya kai wa masana. Na uku, idan an sayar da amfani, mu fara cire kuɗin makarantar yara, mata da maza. Na huɗu, idan masu neman ƙuri'a sun zo, mu tambaye su nawa suka ware wa makarantu da bincike.

Ku tuna da misalin talanti da Ubangijinmu ya bayar. Bawan da ya binne nasa a ƙasa shi ne ya sha tsautawa. Basirar 'ya'yanmu amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.