Kalmar "mai" da ma'anar estar: misalin man gyaɗa

1. Gabatarwa

Kalmar "mai" a hausa tana da faɗi. Muna cewa man gyaɗa, man shanu, man kaɗe, muna kuma cewa man mota. A ilimin sinadarai kuwa gida biyu ne: ukun farko estar ne, na ƙarshen ba estar ba ne. In malamin da ke koyarwa cikin hausa bai raba su ba, ɗalibi zai zaci ana iya dafa sabulu da gazuwal.

2. Kamanni

Ana samun estar in asid ya haɗu da alkol, ruwa ya fita:

(1) asid + alkol → estar + ruwa

Alkol a nan sunan dangi ne na sinadarai, ba giya ake nufi ba. Estar da za mu ɗauka misali ita ce tiriyolin, ɗaya daga cikin na man gyaɗa: ƙwayar gilisarin guda riƙe da ƙwayoyi uku na asid oleyik. Ba ta narkewa cikin ruwa, kuma lita guda tata ba ta wuce wajen giram 910 ba, shi ya sa mai ke tasowa a kan miya.

3. Yadda ake samun ta

Matan Maraɗi masu ƙuli-ƙuli ba su ƙera estar ba. Tsiro ne ya haɗa ta, su kuwa soya gyaɗa suke, su niƙa, su matse tunkuza. A 1823 Chevreul ya bayyana cewa kitse asid ne haɗe da gilisarin. A 1854 Berthelot ya zafafa waɗannan biyu tare, ya samu mai, wato ya bi hanya ta (1).

4. Abin da ake haɗawa da ita

Ana iya warware ɗaurin estar, kuma nan amfaninta yake:

(2) mai + ruwan toka → sabulu + gilisarin

(3) mai + metanol → gazuwal na tsiro + gilisarin

Hanya ta (2) tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Ruwan toka yana ba da sabulu mai laushi, soda kuwa mai tauri. Hanya ta (3) musayar alkol ce: metanol ya maye gurbin gilisarin, mai ya rage kauri har injin ya iya sha. Chavanne ya yi rajistar irin wannan dabara a Beljika a 1937, da manja da etanol. Man mota ba ya bin ko ɗaya, don kabon da haidurojin ne kawai, babu ɗaurin da toka za ta kwance.

5. Shawara

Muna ba da shawarar a riƙa cewa "man estar" ga wanda ya fito daga tsiro ko dabba, "man ƙasa" ga wanda ake haƙowa. Ma'aunin raba su cikin aji mai sauƙi ne: wanda ya zama sabulu da ruwan toka, shi ne man estar.