Kan sarki: Tarihin da ke kwance a tsofaffin adakokin Talata Mafara, Bakura da Maradun

Kafin wayar salula ta shiga hannun kowa, wasiƙa ce ke haɗa mutumin Talata Mafara da ɗansa mai karatu a Zariya, ko mutumin Bakura da ƙanensa da ya tafi fatauci Kumasi. Kowace wasiƙa kuwa tana ɗauke da kan sarki, wato 'yar takardar nan da ake maƙalawa a kusurwar ambulan, shaidar an biya kuɗin aike.

Yau irin waɗannan wasiƙu sun koma ƙasan adakar tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan En'e da alhazan da. Idan mai adakar ya rasu, magada kan ɗauki takardun gona da na gida, sauran a bar wa gara ko a kunna wuta da su. A ƙauyukan da matsalar 'yan bindiga ta tayar kuwa, mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar takarda.

A ƙasashe da dama tara kan sarki sha'awa ce mai ƙungiyoyi da kasuwa da littattafai. Duk wanda ya gaji irin wannan adaka zai iya tsara abin da ke cikinta da kansa, matuƙar ya san abin da zai duba da abin da bai kamata ya taɓa ba.

Asalin sunan

An fara amfani da kan sarki a Ingila a watan Mayun 1840, bisa shawarar Rowland Hill. Na farkon baƙi ne, kuɗinsa kwabo ɗaya, yana ɗauke da hoton kan Sarauniya Victoria. Legas ta samu nata a 1874, Arewacin Najeriya kuma a 1900, da rubutun "Northern Nigeria".

Sarauniyar ta rasu a Janairun 1901, aka fitar da sababbi da hoton Sarki Edward na Bakwai a 1902. Ke nan lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a Maris ɗin 1903, kan sarki namiji ne a jikin takardar. Haka aka ci gaba a zamanin George na Biyar da George na Shida har zuwa 1952. Ba mamaki Bahaushe ya kira abin da sunan abin da idonsa ya gani, sunan kuma ya zauna ko bayan da hotunan gyaɗa da gadoji suka maye gurbin sarakunan.

Kada a yi gaggawar ɓamɓarewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yage kan sarki daga jikin ambulan. Hatimin da gidan waya ya buga a kai yana nuna gari da ranar da aka aika wasiƙar, adireshin kuma yana nuna zamanin da aka rubuta ta.

A wannan yanki adireshi kaɗai ya isa darasin tarihi. Wasiƙar da aka aiko Talata Mafara kafin 1967 za ta nuna Lardin Sakkwato. Daga 1967 zuwa 1976 sai ta koma Jihar Arewa maso Yamma, daga 1976 Jihar Sakkwato, sannan Jihar Zamfara tun daga 1 ga Oktoban 1996. Wanda ya jera ambulan huɗu na waɗannan zamunna a shafi ɗaya ya nuna wa ɗalibi yadda gari ɗaya ya sauya hannu sau uku ba tare da ya motsa ba.

Masu tara kan sarki a duniya sun fi neman hatimin ƙaramin gari a kan na babban birni, domin wasiƙun da suka fita daga Legas ko Kano ba su ƙirguwa, na ƙananan garuruwa kuwa kaɗan ne suka tsira. Don haka ambulan mai hatimin wani ƙaramin gidan waya na ƙasar Zamfara ya fi daraja a cikakkensa.

Akwai kuma takardun da bai kamata a taɓa su ba sam. A da ana maƙala kan sarki a rasit da takardar cinikin gona ko gida, a sa hannu a kansa. Shi ya sa tsofaffin kan sarkin ke ɗauke da rubutun "Postage & Revenue", wato na aike da na haraji. Cire shi daga irin wannan takarda na iya raunana hujjar mai ita ranar da rigima ta tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, take shayar da gonakin ƙananan hukumomin uku. Ruwanta ya tashi ƙauyuka, rikicin diyya kuma ya kai ga asarar rayukan manoma a Afrilun 1980. Duk takardar da ta shafi wancan lokaci shaida ce, a bar ta yadda aka same ta.

Yadda ake gane na Najeriya

Abu na farko da za a duba shi ne kuɗin da ke jiki. Idan an ga harafin "d" ko "s", to na zamanin kwabo da sule ne, kafin Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973. Alamar 1d kwabo ke nan, 1½d ahu, 3d taro, 6d sisi, 1s kuma sule. Idan an ga "k" ko alamar Naira, daga 1973 ne zuwa yau.

Na biyu shi ne suna. Mai "Northern Nigeria" ko "Southern Nigeria" ya riga haɗewar 1914. Shi kuwa "Niger Coast Protectorate" bai da alaƙa da Jamhuriyar Nijar, na yankin gaɓar tekun kudancin Najeriya ne.

Na uku hoto. A jerin 1953, na kwabo yana ɗauke da mahayan dawakin Borno, na ahu gyaɗa, na taro gadar Jebba. A Maris ɗin 1959, da Jihar Arewa ta samu mulkin kai, an fitar da guda biyu: na taro mai hoton Majalisar Lugard da ke Kaduna, da na sule mai hoton Masallacin Kano. A jerin 1973, na kobo 10 yana nuna dabbobin Yankari, na kobo 30 kuma bikin kamun kifi na Argungu.

Na ƙasashen waje

Wasiƙun waje sun shigo yankin ta hanyar alhazai da ɗalibai da 'yan uwa mazauna zango a Ghana, da kuma gidajen rediyon waje masu sashen Hausa, irin su BBC da ta fara a 1957, waɗanda masu sauraro suka riƙa rubuta wa wasiƙu suna samun amsa.

Matsalar ita ce ƙasashe da yawa suna rubuta sunansu ne da harshensu. "Helvetia" Suwizalan ce, "Suomi" Finland, "Magyar" Hungary, "Nippon" Japan. Mai haruffan "CCCP" na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne. "Deutsche Bundespost" na Jamus ta Yamma ne, "DDR" na Jamus ta Gabas. Wanda babu sunan ƙasa a jikinsa sai kan sarauniya ko na sarki, na Birtaniya ne, domin ita kaɗai ce ba ta sa sunanta.

Masu rubutun Larabci sun fi sauƙi ga wanda ya yi makarantar allo. Takubba biyu da itacen dabino alamar Saudiyya ce. Mai "UAR" yawanci na Masar ne tsakanin 1958 da 1971, ko da yake Siriya ma ta yi amfani da sunan har zuwa 1961.

Maƙwabta kuma sun sha sauya suna. "Gold Coast" ita ce Ghana kafin 1957, "Dahomey" Benin kafin 1975, "Haute-Volta" Burkina Faso kafin 1984. "Afrique Occidentale Française" na yankin Faransa na Afirka ta Yamma ne baki ɗaya, har da Nijar, kafin samun 'yanci.

Idan an rasa gane wani, akwai manyan kundayen da suka jera kan sarkin duniya da lamba da shekara: Stanley Gibbons na Ingila, Scott na Amurka, Michel na Jamus da Yvert na Faransa. Na Ingilan ya fi zurfafa bayani kan na Najeriya. Ana kuma iya ɗaukar hoto da waya a nemi makamancinsa a intanet.

Tsarawa a kundi

Bayan an ware cikakkun ambulan gefe guda, sauran da ke kan guntayen takarda a kasa su ƙasa-ƙasa, sannan kowace ƙasa shekara-shekara. Kada a fara liƙawa sai an gama kasawa, don kada a dawo ana ɓamɓarewa.

Domin raba kan sarki da guntun takarda, a jiƙa shi a ruwa mai sanyi na kamar minti 15 har ya saki da kansa, a kifa shi a kan takarda mai tsabta ya bushe, sannan a danne shi cikin littafi. Amma kada a jiƙa na zamanin "Northern Nigeria", saboda tawadar wasunsu tana zuba a ruwa. Haka wanda ke kan jan ambulan, a jiƙa shi shi kaɗai don kada ya rina sauran.

A riƙa ɗauka da matsefata mai faɗin baki, domin maiƙon yatsa yana barin tabo. Kada a yi amfani da gam ko salatif. In babu kundi na musamman mai aljihuna, ƙananan ambulan masu tsabta sun wadatar, a rubuta ƙasa da shekara da fensir a bayansu. A ajiye kundin a tsaye, nesa da ƙasa da bango, saboda laimar damina da gara.

Batun kuɗi

Gaskiya ne akwai masu tsada. Kan sarkin fam 25 na Arewacin Najeriya da aka fitar a 1904 yana cikin waɗanda masu tarawa ke nema ido rufe. Sai dai mafi yawan waɗanda ake samu a gidaje an buga su da miliyoyi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda wani ya tuntuɓa a Facebook ko WhatsApp da alƙawarin sayen nasa da miliyoyi, amma sai ya fara tura kuɗin rajista, to ya yi hattara.

Amfanin da ya fi kusa shi ne na ilimi. Talata Mafara na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, Bakura na da kwalejin aikin gona, ga makarantun sakandare a ƙananan hukumomin uku. Malamin tarihi ko na labarin ƙasa zai iya koyar da darasi guda da kundi ɗaya. Ranar 9 ga Oktoba, wadda ake bikin Ranar Gidan Waya ta Duniya don tunawa da kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a birnin Bern a 1874, dama ce ta baje irin waɗannan kundaye ga ɗalibai.

Mataki mafi sauƙi kuwa ba ya cin ko sisi: a buɗe adakar tun masu ita na raye, a ɗauki hoton kowane ambulan gaba da baya, a tambaye su wane ne ya aiko, daga ina, kuma a kan me. Hatimi zai faɗi gari da rana, amma sauran labarin sai a bakin wanda aka aiko wa.