Ba Kowace Mage Ce Kyanwar Lami Ba

Da zarar kaka ta yi, rumbunan Bungudu da Tsafe suka cika da gero da dawa, buhunan waken suya suka taru a shagunan Gusau, sai ɓera ya samu wurin shagali. Ga kuma gargaɗin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke yi duk rani kan zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ajiye mage cikin hanyoyin rage ɓera a gida. Shi ya sa yaron da ya tsinto 'yar kyanwa a juji ko bayan mahauta ba ya shan faɗa sosai. Uwa takan ce, "Bar ta nan, ta haɗu da biyun da muke da su."

Daga nan gardama ke tashi. Tsohuwa ta ce baƙa ce, a mayar da ita inda aka ɗauko ta kada a kwaso aljani. Maƙwabci ya ce gashinta ke kawo tarin fuka, alhali tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar wannan cuta, kuma yawanci daga tarin mutum take shiga huhun wani. Gashin mage kan tayar wa wasu asma da atishawa, wannan gaskiya ne. Amma in ka ambaci ainihin abin tsoron, amsa ɗaya za ka ji: "Haba, mussa ba ta hauka, sai kare."

Tana yi. Ciwon haukan kare yana kama duk dabbar da ke shayarwa, har saniya da jaki. Gaskiya ne kusan duk mutanen da yake kashewa, kimanin 59,000 a shekara a duniya, daga kare suke ɗauka. Sai dai magen da ke kwana a juji da karnukan unguwa take gogayya. A Amurka, inda aka daɗe da shawo kan cutar a jikin karnuka, mage ce dabbar gida da aka fi samu da ita. Ƙwayar tana cikin yawu, mage kuwa kullum tana lasar tafinta, don haka yakushi ma abin lura ne. Cutar kan yi wata biyu ko uku a ɓoye, kuma da zarar alamu sun fito, kusan babu mai tashi. Wanda baƙuwar mage ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura. Shafa toka ko man zafi ɓata lokaci ne.

Magunan da ke gidan tun farko su ne ba a tunawa da su. Duk mai kiwo a Tsafe ya san ba a sayo akuya a kasuwa a sake ta cikin garke ranar nan; sai an ɗaure ta gefe an ga ko tana majina ko zawo. Wannan hankalin ake buƙata a nan. Akwai wata cuta ta maguna mai sa amai da zawo, tana cinye fararen ƙwayoyin jini, tana iya gama ƙaramar kyanwa cikin kwana kaɗan, ƙwayarta kuma kan yi shekara a ƙasa ba ta mutu ba. Akwai murar da ke liƙe musu ido da kwantsa. Akwai ƙuma da tsutsar ciki. Akwai makero: duba bayan kunne da gefen hanci, in ka ga da'irar da gashi ya zube, fata tana ɓarewa kamar dusa, to wannan zai iya komawa kan yaron da ke rungumar ta.

A ware wa baƙuwar mage ɗaki ko zaure na mako biyu, da kwanonta da kaskon yashinta daban. Wannan ba ya wanke ta daga zargin hauka, domin ita cutar tana daɗewa, amma yana fito da sauran. Bayan haka kada a jefa ta tsakar gida kawai. Mage da hanci take gane nata. A goga ƙyalle a kumatun baƙuwar a ajiye inda tsofaffin ke kwana, a yi mata haka da nasu, sannan su fara hangen juna ta ƙofa kafin a sake su. Hura hanci da gurnani na kwanakin farko ba komai ba ne, amma muzurun da ya kafa haƙori sai a raba.

Tausayi ma kan yi kisa. Madarar shanu tana sa 'yan kyanwa da yawa zawo, farasitamol kuwa guba ne gare su, domin hantarsu ba ta iya narkar da shi. Ƙwaya ɗaya ta isa.

Allurar rigakafin hauka ana yi wa mage daga wata uku. Duk 28 ga Satumba ana bikin ranar yaƙi da cutar, kuma duniya ta ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga ciwon haukan da ake ɗauka ta cizon kare nan da 2030. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924. Amma idan an fito gangamin rigakafi, shanu da awaki ake nema, sai kare in an tuna. Ya kamata sashen kula da dabbobi na jiha da na ƙananan hukumomi su riƙa faɗa a rediyo cewa a kawo maguna ma, a faɗi wurin da kuɗin. Har yau mutumin da ya sa mage a kwali ya hau babur daga Kwatarkwashi zuwa asibitin dabbobi, dariya za a yi masa a hanya, alhali shi ne ya fi kowa kiyaye 'ya'yansa.