Rage Ƙiba: Shin Ɗan Fim Zai Iya Sakin Linzami Ranar Biki?

Daga wakilinmu a Daura

RANAR da na sauka Daura domin ganin yadda ake ɗaukar wani shiri mai dogon zango, ba labarin shirin ne ya fara jan hankalina ba. Kular abinci ce. An tashi shutin kenan ana shan iska a wani gida da ke cikin gari, ba nisa da rijiyar Kusugu, sai ga yaro da kuloli biyu da ƙwarya a kai. Gwaggon jarumin shirin ce ta aiko, domin shi ɗan garin ne. Da aka buɗe, masa ce da miyar taushe, man shanu yana yawo a sama, ga fura da kindirmo. Kowa ya wanke hannu, har da direban bas. Shi kuwa wanda aka aiko dominsa sai ya koma gindin darbejiya da ledar gurji da ƙwai biyu dafaffu, yana kallon mu kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Ba zan faɗi sunansa ba don ya roƙe ni. Matashi ne mai tasowa, wannan ne karon farko da aka ba shi babban rol. Darakta ya gindaya masa sharaɗi tun a Kano: ko ya zubar da teɓa kafin a shiga zango na biyu, ko a sake labari a kashe shi a haɗarin mota. Ya ce mani wata biyu kenan rabon sa da lemon kwalba. Sannan ya yi mani tambayar da ta sa na yi wannan rubutu: "Don Allah, abokina, in na ci masar nan yau kaɗai, wahalar da na sha ta tashi a banza?"

Tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Da yawa daga cikin 'yan wasanmu maza da mata suna fama da ita, haka ma ku masu kallo. A da, zamanin kaset, fim sati ɗaya ko biyu ake yi a gama ɗauka, yadda ka zo haka za ka fita. Yanzu kuwa da aka koma shiri mai dogon zango irin su Labarina da Izzar So da Kwana Casa'in, ɗan wasa zai yi shekaru yana fitowa a mutum ɗaya. In ya shiga ɗaki a sin ɗin da aka ɗauka watan Janairu ya fito a wanda aka ɗauka watan Yuni da ƙarin kumatu, 'yan kallo ba za su raga masa ba. Kun dai san bakin mutanenmu a TikTok.

Turawa suna da suna ga wannan abu, ma'anarsa "abincin ha'inci", wato mai rage ƙiba ya keɓe wani lokaci ya ci abin da ransa ke so. Ni ban son sunan, don babu wanda aka ha'inta. Tunda a Daura muke, garin hawa da sukuwa, bari mu kira shi sakin linzami.

Waɗanda suka yayata abin a duniya 'yan fim ne. Dwayne Johnson, wanda kuka fi sani da The Rock, ya shafe shekaru yana saka hoton teburinsa na ranar Lahadi a Instagram, faranti kan faranti, abincin da zai ishi mutum huɗu. Samari suka gani suka ce ashe haka ake yi. Abin da suka manta shi ne mutumin tsohon ɗan kokawa ne, tsawonsa ya kusa mita 2, nauyinsa a lokacin ya haura kilo 110 kuma akasari tsoka ce, sannan kusan kullum yana wurin ɗaga ƙarfe. Wanda motsa jikinsa bai wuce daga majalisa zuwa teburin mai shayi ba, ina shi ina kwaikwayon wannan?

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Aamir Khan a fim ɗin Dangal na 2016, inda ya fito a matsayin ɗan kokawa Mahavir Singh Phogat. Ya ƙara ƙiba har ya kai wajen kilo 97 domin sassan da ya fito dattijo, daga baya ya zubar da kimanin kilo 25 cikin wata biyar domin sassan ƙuruciya. Shi da kansa ya nemi a fara ɗaukar sassan ƙibar, don ya san in aka bar su a ƙarshe ba abin da zai tilasta masa ya rage. Amma fa da masu horar da shi da mai tsara masa abinci a gefe. Shi ma Christian Bale na Hollywood ya zubar da kusan kilo 28 saboda The Machinist na 2004, ya dawo ya cika ya yi Batman Begins a 2005. A 2019 da bakinsa ya ce jikinsa ba zai ci gaba da ɗaukar irin wannan ba. Wanda ke da likitoci a aljihu ma kenan.

To mu koma ga masar gwaggo.

Lissafin ba shi da wuya, ko wanda bai je foliteknik ba zai gane. Ƙarfin da ke cikin abinci ana auna shi da kalori. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. In mutum yana rage kalori 500 kullum daga abin da jikinsa ke ƙonawa, a sati ya rage 3,500, wato kusan rabin kilo. Wannan shi ne saurin da likitoci suka fi yarda da shi, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Yanzu ka ɗauka ya yi kwana shida yana haƙuri, ya tara 3,000. Rana ta bakwai ya ci faranti ɗaya na abin da yake so, ya wuce ƙa'ida da 600 ko 700. Har yanzu yana da riba, tafiyar ce kawai ta ɗan rage sauri. Amma in ranar ya saki linzami tun daga karin kumallo har kwanciya barci, ba wuya ya cinye dubu ukun nan tas. Sati ya tashi babu riba babu faɗuwa, sai wahala.

Kada ka ce dubu uku da yawa ne. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, kuma kowa ya ga yadda mai masa ke tsiyaya mai a tanda. Robar lemo ta santilita 50 tana da kimanin kalori 200 da sukari sama da giram 50, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, in so samu ne ma 25. Roba ɗaya ta cinye kason yini guda, kuma ba ta ƙosar da kowa. Gyaɗa giram 100, wadda za ka cinye kana hira ba ka sani ba, ta haura kalori 550. Haɗa da alkaki da dubulan da cincin na gidan biki, da balangu mai kitse da daddare, da fura wadda aka zuba wa sukari da ludayi. Ka ga an isa.

Akwai maganar da samarin gidan motsa jiki ke yawan yi, wai cin abinci mai yawa rana ɗaya yana "tayar da injin jiki" ya ƙara ƙona kitse. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki amma an cika mata gishiri. Gaskiya ne in mutum ya daɗe yana rage ci jikinsa yakan rage yawan abin da yake ƙonawa. An ga haka ƙarara a Amurka wajen mutum 14 da suka shiga gasar rage ƙiba ta talbijin mai suna The Biggest Loser. Binciken da aka fitar a 2016 ya nuna bayan shekara shida yawancinsu ƙibar ta dawo, kuma jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata a kullum. Sai dai cin rana ɗaya ba ya gyara wannan. Ɗan abin da jiki zai ƙara ƙonawa bayan an cika ciki bai kama ƙafar abin da aka zuba masa ba.

Binciken da masu wannan magana suka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Ostareliya, ana kiran sa MATADOR, ya fito a 2017. An raba maza masu ƙiba gida biyu. Kashi ɗaya suka yi sati 16 a jere suna rage ci. Ɗaya kashin kuma sati biyu ragewa, sati biyu hutu. Masu hutun sun fi zubar da nauyi. Amma ga inda gizo ke saƙar: a satin hutun ba walima suka yi ba, an auna masu daidai abin da jikinsu ke buƙata ne, ba ƙari ba ragi. Hutu daban, ɓarin ciki daban.

Amfanin sakin linzami na gaskiya a zuciya yake. Mutumin da ya san ranar Juma'a zai ci tuwon shinkafarsa da miyar taushe ya fi iya kau da kai ranar Talata. Wanda kuma ya rantse shi da masa har abada, ranar da ya karya rantsuwar sai ya ce tunda an ɓata a ɓata gaba ɗaya, daga nan sai a ji shiru. Na ga irin wannan a lokeshin ba sau ɗaya ba. Amma shi ma yana da haɗarinsa. Wani bincike na Jami'ar Toronto a Kanada a 2022 ya gano fiye da rabin matasan da aka tambaya suna wannan ɗabi'a, kuma ta fi yawa ga masu matsalar cin abinci, irin masu ci har su rasa iko da kansu sannan su bi da yunwar horo ko su jawo amai. In kin ga bayan kin ci sai baƙin ciki ya rufe ki, kina kwana da yunwa don ki rama, 'yar'uwa wannan ya wuce tsarin rage ƙiba, ki nemi likita.

Sau nawa kenan? Ra'ayina, bayan duk wannan: sau ɗaya a sati ya isa, kuma ci ɗaya, ba yini ɗaya ba. Faranti ɗaya, a zaune, ba ƙari, da ruwa a maimakon lemo. Matsalarmu mu a nan ita ce ba sai mun sa ranar a kalanda ba, ita ke zuwa ta same mu. Bature ne ke zama ya zaɓi Lahadi. A Daura kuwa Juma'a ɗaurin aure, Asabar kai amarya a Sandamu, Lahadi ka raka aboki kasuwar Mai'adua ka dawo da tsire a takarda, Laraba suna a Zango, ga saukar karatu a Baure. In aka shiga watan Maulidi ga Sallar Gani, gari ya cika da baƙi, kowane gida ka shiga sai an ajiye maka kwano, kuma ƙin ci raini ne. To duk wanda ke da biki a sati, bikin nan shi ne ranarsa, kada ya ƙara wata. In bikin uku ne ya zaɓi wanda ya fi kusa da zuciyarsa, sauran ya ɗanɗana ya yi godiya ya miƙa wa yara.

Azumi ma haka. Da yawa suna shiga Ramadan da niyyar ramewa su fito da ƙari, saboda kowace magariba ta zama ranar sakin linzami: ƙosai, soyayyen dankali, kunu da sukari, lemo mai sanyi, kwana 29 ko 30 a jere.

Abu ɗaya da ke tsorata mutane a banza shi ne sikeli. Ka ci shinkafa da nama mai gishiri yau, gobe ka hau ka ga kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru. Ba kitse ba ne. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram yana riƙe ruwa kimanin giram uku, ga gishiri shi ma yana riƙe nasa, ga abincin da bai gama wucewa ba. Kafin ka tara kilo guda na kitse a yini sai ka ci rarar kalori 7,700 ɗin nan. Ka ba shi kwana biyu ko uku zai sauka da kansa.

Masu ciwon suga da hawan jini fa wannan magana ba tasu ba ce, su bi abin da likitansu ya tsara. Haka mai juna biyu da mai shayarwa. Sannan shayin rage ƙiba da ake talla a waya, yawanci gudawa da fitsari yake sa mutum, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Abin mamaki, a industiri ɗaya wasu na shan wannan don su rame, wasu na haɗiyar "sha ka fashe" don su cika, duk don kyamara ɗaya.

Na yi wa jarumin namu wannan lissafi a bayan takardar sikirif da biro. Ya duba, ya ƙirga da yatsu, sai ya tuna ranar Asabar akwai ɗaurin auren ƙanwarsa. Ya yi shiru. Can sai ga gwaggon da kanta ta shigo karɓar kulolinta, ta gan shi da ledar gurji.

"Kai ɗan nan, ciwo kake yi ne ba a faɗa mani ba?"

"A'a Gwaggo, aiki ne ya sa."

"Aikin da zai hana ka cin abincina? Allah Ya kyauta."

Ya tashi ya ɗauki masa biyu, ya ɗan taɓa miya ya kauce wa man shanun, ya ci a gabanta yana santi. Ya ce ta ajiye masa babban kason sai Asabar. Furar kuwa mai riƙe fitila ne ya shanye ta. Daga nan darakta ya tafa hannu aka koma sin na gaba.